Ciwon da Ke Bin Gidanmu

Zuwa ga 'yata, Mai Tabarau,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar wadda ta daɗe ba ta sa ki a ido ba. Yaya jikinki, yaya maigidan naki, yaya 'yar ƙaramar da aka ce ta ɗauko goshin babanki? Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwa da ke yi mini gardama duk safiya, sai na lallashe ta kafin ta yarda mu sauka daga gado.

Wataƙila sai kin yi tunani kafin ki gane ni. Ni ce Gwaggonki malamar makaranta, wadda mahaifina da kakanki suke ciki ɗaya. Rabona da ke tun rasuwar babanki, kina 'yar siririya, tabarau ya fi fuskarki girma, kin maƙale a bayan ƙofa kin ƙi cin komai. A wajen yayarki na karɓi adireshinki. Kada ki ce me ya hana ni buga waya. Kunnena ya yi nauyi, a waya sai in yi ta "na'am, na'am" alhali ban ji komai ba. Da alƙalami kuwa ba mai kayar da ni.

Dogo, autana, shi ne dalilin wannan takarda. Aikin kashe gobara yake yi, kuma yana son aikin nan kamar ransa. Watan jiya suna atisaye, yana tsakiyar tsani da tiyo a kafaɗa, sai kawai ya sulale. Allah ya taimaka akwai igiya a ƙugunsa. A asibiti wata likitar zuciya ta shafa masa mai a ƙirji, ta duba da na'ura, ta ce bangon zuciyarsa ya ɗan yi kauri, amma masu aikin ƙarfi ma sukan yi haka. Ba za ta ce ciwo ne ba, ba za ta ce ba ciwo ba ne. Shi kuwa dariya ya yi, ya ce, "Umma, zafi ne, kuma ban karya ba."

Ni ban yi dariya ba. Mahaifina ya faɗi ne yana ɗaure kaya a shagonsa. Ƙanena direba ya tsayar da mota a gefen titi, ya ce wa fasinjoji su ba shi minti ɗaya, ya kifa kansa a kan sitiyari, shi ke nan. Babanki a matattakalar ofis ya faɗi. Ba wanda ya yi jinya a cikinsu, ba wanda ya ga furfurarsa. A dangi wasu na cewa baki ne, wasu na cewa kwana ne ya ƙare. Na yarda kwana ne, amma ina so in san ta wace ƙofa yake shigo mana.

An ce aikinki binciken zuciya ne. Ki gaya mini gaskiya, kada ki rufe ni don na tsufa.

Gwaggonki.

*

Zuwa ga Gwaggo,

Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara miki lafiya, ya sassauta wa gwiwa. Muna lafiya duka. Jikar taki ta shiga makaranta, kullum ta dawo sai ta jera takalmanmu ta koya musu karatu, ina jin gadon malanta ya tsallako daga wajenki. Ban yi wani tunani ba kafin in gane ki, Gwaggo. Ke ce kika zauna a ƙasa kusa da ni a bayan ƙofar nan ba ki ce in daina kuka ba.

Da farko in gyara wani abu. A gida ana ce mini likita, amma ban taɓa duba maras lafiya ba. Da kin kawo mini ciwon kai, sai in raka ki kanti mu tambaya tare. Aikina a wani dogon ɗaki ne mai sanyi a hawa na uku, inda firji ya fi mutane yawa. Muna sa farar riga da safar hannu, mu zauna gaban wani teburi mai murfin gilashi, muna ciyar da ƙwayoyin jiki a cikin ƙananan farantai. Ƙwayoyin nan su ne tubalin da aka gina jikin mutum da shi, ido ba ya ganinsu sai da madubin ƙara girma.

Naman zuciya ƙwayoyi ne masu damƙa su saki, su damƙa su saki. A cikin kowace akwai wasu zarurruka da ke jan juna, akwai kuma abin da ke yi musu birki. Yadda za a ƙera duk wannan a rubuce yake a jikinmu, rabin rubutun daga uwa, rabi daga uba. Wani lokaci harafi ɗaya ke kaucewa a wajen da aka rubuta birkin. Sai ƙwayar ta riƙa damƙa da ƙarfi ta kasa saki sosai. A hankali bangon zuciya ya yi kauri, wata rana bugun ya rikice. Wanda ke ɗauke da wannan, kowane ɗa da ya haifa zai iya ɗauka, zai iya tsallakewa, rabi da rabi. Kuma ba duk wanda ya ɗauka ne ke yin ciwon ba. Wani sai ya tsufa bai sani ba. Dalilin wannan bambanci shi ne abin da nake nema tun da na fara aiki.

Ban ce shi ne ke bin gidanmu ba. Amma da na karanta jerin da kika yi, sai da na ajiye takardar na fita baranda.

Na yi magana da shugabar ɗakinmu. Ta yarda a sa danginmu cikin binciken, da sharaɗin ba ni zan taɓa jinin ba, tunda nawa ne. Wani abokin aikina zai yi. Likitar da ta duba Dogo za ta iya ɗiba ta aiko ta hanyar da asibitoci ke bi. Ana son naki, da na Dogo, da na duk wanda ya yarda da kansa. Kada a matsa wa kowa. Ni ma zan ba da nawa, don a samu na ɓangaren Baba. Abin yana ɗaukar watanni, sai kin yi haƙuri da mu.

Ki gaida Dogo, ki ce ya riƙa karyawa.

'Yarki, Mai Tabarau.

*

Zuwa ga Mai Tabarau,

Sallama da fatan alheri. Ina fata 'yar malamar takalma tana lafiya. Ki gaya mata in ɗalibai suka ƙi ji, a sa su fuskantar bango. Gwiwa ta ɗan saki.

Na karanta bayaninki har sau uku, na gane. Shekara da shekaru ina jan layi da jan biro a ƙarƙashin harafin da ya kauce, ban san akwai wanda ba a gyarawa ba.

An ɗibi jinin. Ni da Dogo kawai. Yayarsa da ke aure a wani gari ta ce sai ta yi shawara da mijinta, har yau ana shawara. Dogo kansa sai da muka kai ruwa rana. Ya ce, "Umma, in aka ce ina da shi, me zan yi da sanin? In zauna a kujera in jira?" Na ce masa ni dai jiran da nake yi duk ranar da na ji jiniyar motarsu ya ishe ni. Sai ya miƙa hannu. Ƙato kamar wannan, mai shiga wuta, ya kau da kai daga allura, har ma'aikaciyar ta ce ko a kira masa ummansa. Na ce ga ta nan a zaune.

Na je gidan Baffa, babban gidan nan namu, na kai maganar. Kin san shi ne babba yanzu. Bai bari na kai ƙarshe ba. Ya ce, "Ke kike so a ce gidanmu gidan ciwo ne? Wa zai ba 'ya'yanmu aure, wa zai karɓi namu?" Ya ce karatu ya yi wa 'yar marigayi yawa, ni kuma zaman gida bayan ritaya ya yi mini yawa. Na sha ruwan da aka kawo mini, na yi sallama.

Yanzu sai jira. Ki riƙa rubuto mini ko ba labari.

Gwaggonki.

*

Zuwa ga Gwaggo,

Ina gaisuwa da girmamawa. Muna lafiya, sai mura da ta zagaye gidan ta fita. Jinin ya iso lafiya.

Ba sakamako tukuna, amma akwai abin da nake so ki gani da idona. Aiki biyu ake yi da jinin. Na farko karanta rubutun gadon, a nemo harafin. Na biyu shi ne sana'armu. Akwai hanyar da ake bi a ɗauki ƙwayar jinin babban mutum a mai da ita kamar jaririya, wadda ba ta riga ta zaɓi abin da za ta zama ba. Daga nan a riƙa sauya mata abinci daki-daki har ta zama ƙwayar naman zuciya. Ana ajiye su a wani akwati mai ɗumin jikin mutum. Ba sa sanin hutu, ko ranar da ba aiki sai wani ya zo ya ciyar da su.

Jiya abokin aikina ya leƙo ya ce, "Zo ki gaida danginki." Ba a rubuta suna a farantan ba, lamba ce, don haka ban san na wane ne ba. Na sa ido a madubin. Da fari ba komai sai wani abu kamar tabon man shafawa. Can sai gefe ɗaya ya motsa. Sai ɗaya gefen ya amsa. Kafin in ɗago, duk farantin yana bugawa tare, a hankali, ba jini, ba ƙirji, ba mai ba shi umarni. Na ga irin wannan ba adadi, Gwaggo, amma na baƙi ne. Wannan karon sai na ji ina so in yi sallama.

Za mu auna ƙarfin damƙarsu da jinkirin sakinsu, mu gwada musu magunguna mu ga wanne ke sa su sassauta. Ba zan yi miki alkawarin magani gobe ba. Irin aikinmu tafiyar tururuwa ce.

Maganar Baffa ba ta ba ni mamaki ba, kuma tsoronsa ba na banza ba ne. Ki ƙyale shi tukuna.

'Yarki.

*

Gwaggo,

Ina gaisuwa, muna lafiya. A gaggauce nake rubutu. An karanta rubutun, an samu harafin. Yana gidanmu, kuma ya fi kusa da mu fiye da yadda na so. Don Allah kada ki ce wa autanki komai tukuna, sai asibiti sun sake aunawa sun tabbatar. Zan rubuto da cikakken bayani in na samu kaina.

'Yarki.

*

Zuwa ga Mai Tabarau,

Sallama. Ina fata kuna lafiya. Ni jikina lafiya, sauran kuwa sai a hankali.

'Yar takardarki ta zo, na karanta a tsaye a bakin ƙofa. Ba sai kin ƙara bayani ba. Wanda aka ce kada a gaya wa, ai shi ne mai abin. Na gode da kika so ki sassauta mini.

Na bi maganarki, ban ce wa Dogo komai ba. Amma na yi wani abu, gara ki ji daga bakina. Da aka kwana biyu, gobara ta tashi a wani kantin katifa a layin bayanmu. Na fita na tsaya cikin 'yan kallo. Na ga ɗana a saman tsani, hayaƙi ya rufe shi ya buɗe, ya rufe shi ya buɗe, mutane na tafa masa, ni kuwa ƙirjinsa kawai nake kallo. Washegari na sa mayafina na tafi ofishinsu, na nemi ganin shugabansu. Mutumin kirki ne, ya ba ni kujera, ya kashe rediyonsa. Na ce masa an auna jinin ɗana, yana da ciwon da ya kashe kakansa da kawunsa. Ya daɗe yana murza hularsa. Ya ce, "Mama, kin san abin da wannan maganar za ta jawo masa?" Na ce na sani.

An sauke shi daga mota. Yanzu yana wani ɗan ɗaki yana amsa waya, yana rubuta adireshin gobarar da wasu za su je su kashe. Da ya gano daga inda abin ya fito, ya zo gida da kayan aikinsa a jiki. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya ce, "Jinina ne, Umma. Ni ya kamata a fara gaya wa. Kin je kin kwance ni a gaban mutane, ni ban ma san ina da ciwo ba." Na nuna masa takardarki. Ya karanta ya ce, "Ina sunana a nan?" Na ce ba sai an rubuta ba. Ya ajiye ta a kan tebur, ya fita. Ya koma kwana a wajen abokinsa. Ina dafa abincin mutum biyu, ina ba maƙwabta rabi.

Ban yi nadama ba. Gara ya yi fushi da ni yana numfashi. Amma ki rubuto da sauri, ki gaya mini maganin da za a fara ba shi.

Gwaggonki.

*

Mai Tabarau,

Sallama. Lafiya kuwa? Wata ya wuce, wani ya kama, ba amsa. Na sa maƙwabciyata ta kira lambar da yayarki ta ba ni, ba a ɗauka ba. Yayarki ta ce kin ce mata aiki ne ya yi yawa. In fushi kike yi da abin da na yi, ki rubuto ki yi mini faɗan, na iya ɗauka. In kuma kin gama da mu tunda kin samu abin da za ki sa a farantinki, to ki faɗa, in san inda na tsaya. Dogo ya rame. Ya zo sau ɗaya ya ɗauki kayansa, ya gaishe ni kamar yadda ake gaida matar maƙwabci.

Gwaggonki.

*

Zuwa ga Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina durƙusawa in gaishe ki. Maigidan da jikarki suna lafiya. Ni ma yanzu da sauƙi. Takardunki biyu na same su tare a kan teburin falo ranar da aka sallamo ni daga asibiti. Maigidan ya ɓoye su har sai na iya zama. Na karanta, na rasa inda zan sa kaina.

Gwaggo, Dogo ba shi da shi.

An auna a wajenmu, asibiti sun sake aunawa, kuma sakamakon ya isa hannun likitarsa. Harafin bai bi ta kansa ba. Kaurin da aka gani mai yiwuwa na aikin ƙarfi ne. Likitar za ta so ta ƙara duba dalilin faɗuwarsa kafin ta sa hannu, wannan hurumin ta ne, amma ciwon gidanmu ya tsallake shi, kuma ba zai ba 'ya'yansa ba. Na ce kada ki gaya masa ne don kada in ba ku farin cikin da za a zo a karɓe in an samu kuskure.

Da na ce ya fi kusa da mu, kaina nake nufi. Ni ce ke da shi. Shugabarmu ce ta kira ni ofishinta, ta rufe ƙofa, ta zauna a kujerar da ke gefena maimakon tata. Tun kafin ta buɗe baki na gane. Na fito na rubuta miki waɗancan layukan, na kasa rubuta "ni". Ina ganin kamar in na rubuta, ya tabbata. Ni da nake koya wa ɗalibai su rubuta abin da suka gani ƙarara, na aiko miki da magana mai baki biyu, ta faɗa kan Dogo.

Da aka duba zuciyata, an ga bangon ya yi kauri sosai. Aka ɗaura mini na'urar da ke sauraron bugu kwana da yini, ta kama wani rikici da ban taɓa ji ba, ko kuma na ji na ce hawan bene ne. Da aka haɗa da yadda Baba ya tafi, likitoci suka ce kada a jira. An sa mini wata 'yar na'ura a ƙarƙashin fata, ƙasan ƙashin wuya, da waya zuwa cikin zuciya. In bugun ya rikice, za ta daka masa tsawa ya dawo hanya. Wurin ya ɗan yi ruwa, shi ya sa na daɗe a kwance. Ban gaya wa yayata ba sai jiya.

Akwai saura, kuma da na so likita ce za ta gaya miki tana kallon idonki, amma kin ce kada in rufe ki. Ke ma kina ɗauke da shi. Ta wajenki ya kamata ya bi zuwa Dogo, Allah ya sa bai bi ba. Ki je a duba ki, kada ki ce gwiwa. Ki kuma gaya wa yayar Dogo shawara ta ƙare, saboda 'ya'yanta.

Ga abin da ke hana ni sukuni, ta fuskar aiki. Harafi ɗaya ne a jikina da naki. Ke kin haura sittin kina faɗa da Baffa, ni ban kai arba'in ba an sa mini na'ura. Yanzu da aka buɗe lambobin, an ga ƙwayoyina a faranti suna damƙa su ƙi saki, naki kuwa suna saki kusan kamar na mai lafiya. Akwai wani abu a jikinki da ke tare wa zuciyarki faɗa. Ba mu san ko mene ne ba. In muka gano shi, wataƙila wata rana a iya ba wanda bai gada ba. Duk ɗakinmu yanzu maganar farantinki ake yi, ba su san mai shi tana can tana rabon abinci ga maƙwabta ba.

Jikarki kuwa, likitoci sun ce za a riƙa duba ta lokaci-lokaci, a auna jininta in ta ƙara girma. Ina kallonta tana tsalle a kan gado, in buɗe baki zan ce ta sauka, sai in rufe. Don haka ba ni da bakin yi miki faɗa a kan zuwa ofishin su Dogo. Amma ki nuna masa wannan takarda. A nan akwai sunansa.

Ki yafe mini.

'Yarki, Mai Tabarau.

*

Zuwa ga 'yata,

Wa alaikumus salam. Sannu, sannu, sannu. Yaya wurin ɗinkin? Kina iya ɗaga hannun? Kada ki ɗauki yarinyar nan a wannan ɓangaren, ki bar wa ubanta. Allah ya ba ki lafiya mai ɗorewa. Ki gode wa maigidan naki, amma ki ce masa in ya sake ɓoye takardata, ni da shi ne.

Kina kwance ana yanka ki, ni ina nan ina rubuta miki maganar faranti. Wannan layin ki yage shi. Babu yafiya tsakaninmu sai wadda za ki yi mini.

Ban aika a kira Dogo ba, ni na je. Na same shi a ɗan ɗakin nan da waya a kunne. Na jira ya gama, na miƙa masa takardarki. Ya karanta a hankali, ya kai wajen sunansa ya tsaya, ya ci gaba. Na zaci zai yi murna ko ya ce "ba na gaya miki ba". Sai ya ɗago ya ce, "Umma, ke fa? Yaushe za a duba ki?" Daga nan na wuce ofishin shugabansu, na ce masa na zo in janye maganata, ni ce mai ciwon, ba ɗana ba. Ya ce shigar magana fayil ta fi fitarta sauƙi, sai likita ta rubuto, sai kwamiti ya zauna. Har yanzu Dogo yana kan waya. An yi ƙarin girma a bayansa, ya wuce shi, sai wani zagayen. Ya dawo gida, yana cin abincina, amma akwai wata 'yar tazara da ban san ranar da za ta rufe ba. Ni na haƙa ta, zan jira.

An duba ni. Likitar ta ce zuciyata ta ɗan yi kauri kaɗan, ba abin tashin hankali ba, ta ba ni ƙwaya ɗaya kullum. Na ce mata a wata ƙasa akwai masana da ke taruwa a kan farantina. Ta dube ni kamar za ta ƙara mini wani maganin.

Na koma gidan Baffa. Wannan karon ban ce "gidanmu" ba, na ce ni. Na ce ina da shi, 'yar marigayi tana da shi, an sa mata abin da da an sa wa ubanta wataƙila da yana nan yana ganin jikarsa. Na ce ba a hana kowa aure, dubawa ce kawai. Falon ya cika, 'ya'ya da surukai. Baffa ya ce ya ji, Allah ya ba mu lafiya, ya tambaya ko an kawo mini ruwa. Na gane an sallame ni.

Na fito na taka zuwa tashar bas, gwiwa na zagina. Ina zaune a kan benci sai ga matar ɗan Baffa na biyu, wadda ko muryarta ban taɓa ji ba, ta biyo ni da sauri da takalmin wanka a ƙafarta. Ta zauna a ɗaya ƙarshen bencin tana kallon titi kamar ba tare muke ba. Ta ce babban ɗanta yana buga ƙwallo a makaranta, sau biyu yana dawowa ya ce ƙirjinsa ya riƙe, uban ya ce girma ne. Ta ce, "Gwaggo, wace rana likitar take zama?"

Na ce Talata. Ta ce ba ta san hanyar asibitin ba, kuma ba za ta iya tambaya a gida ba.

Na ce ta fito da shi kamar za su sayo takalmin makaranta, za ta same ni a kan wannan bencin.

Ki kula da kanki, ki sha magani, ki rubuto ko layi biyu ne, amma masu baki ɗaya.

Gwaggonki.